Tun ran gini ran zane: a tambayi awo kafin a zana bandarol

  

Maganar da na ɗauko yau, wani zai ce ba ta kai a zauna a kanta ba. Amma tana cin kuɗin mutane, tana haɗa abokai faɗa, wani lokaci har ta ɓata ma iyali rai ranar da ya kamata su yi murna. Maganar bandarol ce da afish da katin gayyata, waɗanda ake zanawa cikin salula gwanin sha'awa, in an buga kuma su fito dishi-dishi.

Kowa ya ga yadda zamani ya juya. Da, in ƙungiya na son rubutu babba, sai a sayi farin ƙyalle a kai ma mai fenti. Yanzu ko bukin aure ne, ko suna, ko walimar sauka, ko tarbar alhazai, ko taron manoman albasa, ko ƙwallon hutu tsakanin fada da fada, sai an rataya bash mai hoto. Masu zanen kuwa ɗiyanmu ne da ƙannenmu. Yaro ya koyi PixelLab ko Canva ko PicsArt da kanshi, ba malami ba kwamfuta, yana samun na sabulu da na mega. Abin a yaba ne, kuma ina cikin masu yabawa.

To amma ga yadda takan kaya. Mai buki ya turo hoto ta WhatsApp, ya ce a yi mai bandarol babba. Mai zane ya buɗe salula ya fara aiki bisa filin da manhaja ta ba shi, bai tambayi mita nawa ba. Ya gama, kowa ya gani ya ce madalla. A tura ma mai injin bugu a Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi, a biya, mota ta kawo naɗin ran jajibiri. A warware, sai ga fuskar ango ta narke kamar an zuba mata ruwa, bakin haruffa kamar haƙoran zarto. Mai buki ya ce mai zane bai iya ba, mai zane ya ce injin ne ba shi da kyau, mai inji ya ce abin da anka turo mai shi ya buga. Kuɗi sun tafi, lokaci ya ƙure, sai a rataya hakanan ana kawar da kai.

Ra'ayina a nan shi ne, aikin ya ɓaci tun kafin ya isa wurin mai inji. Ya ɓaci tun sa'ad da anka fara zane ba a san awon abin da za a buga ba. Wa ya taɓa ganin tela ya sa almakashi ga shadda bai auna mai riga ba? Mai zane ma tela ne. Tambayarshi ta farko, kafin kuɗi, kafin kala, ita ce: faɗi nawa, tsawo nawa, kuma daga ina za a riƙa kallonshi?

Bari in ɗan yi bayani, don wanda bai san sirrin ba ya gane. Duk hoton da ke cikin salula tarin ƙananan ɗigo ne masu kala, jere bisa jere, ana ce musu pikisal. Kowane hoto yana da adadinshi. Ku ɗauke shi kamar tiya guda ta gero. In ka zuba ta cikin faifai, ta rufe shi ruf. In ka baza ta bisa babbar tabarma, tiyar ba ta ƙaru ba, sai ka riƙa hango tabarmar tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Haka injin bugu ke yi: ba ya ƙara maka gero, abin da ka ba shi yake bazawa bisa filin da ka ce.

Mu yi lissafi. Filin da matasa sunka fi sabawa da shi shi ne mai kusurwa huɗu daidai, pikisal 1080 bisa 1080, wanda anka yi don saka hoto a Facebook da Instagram. A fuskar salula ya wadatar har ya yi yawa. Amma ka ce a buga shi mita 3, wato santimeta 300. Raba 1080 gida 300, kowane santimeta bai samu ko pikisal 4 ba. Kowane ɗigo ya kusa milimita 3, girman ƙwayar hatsi ke nan, ido na ganinta sarai. Shi ne wancan dishi-dishin da haƙoran zarton da kuke gani.

To nawa ya kamata? Masu bugu a duniya suna auna abin da DPI, wato ɗigo nawa ke cikin inci guda, inci kuwa santimeta 2,54 ne. Abin da za a riƙe a hannu a karanta, ƙa'idarshi DPI 300. Mu da munka saba da santimeta tun lakwal, mu sauƙaƙa ma kanmu: DPI 300 pikisal 118 ne a kowane santimeta, ka ce 120 don lissafi ya yi sauƙi. Daga nan lamba uku kawai nake roƙon kowane mai zane ya haddace.

Ta farko 120, ga duk abin da za a riƙe a hannu: katin gayyata, takardar shaida, hoton albom, hoton dosiye. Takardar A4 da muke fotokofi da ita santimeta 21 ce bisa 29,7, sai a buɗe fili na pikisal 2480 bisa 3508. Rabinta, A5, da ake yawan yin katin aure da ita, 1748 bisa 2480. Hoton albom na 10 bisa 15 yana son wajen 1200 bisa 1800. Ƙaramin hoton dosiye na 3,5 bisa 4,5 kuwa 413 bisa 531 sun ishe shi.

Ta biyu 60, ga abin da za a manna a bango a karanta daga taku biyu ko uku: afish, kalanda, sanarwar taro. Abin daɗin shi ne, wancan filin na A4 mai 2480 bisa 3508, shi ɗin dai zai ba ka afish A2, santimeta 42 bisa 59,4, ya fito tsaf a bango.

Ta uku tsakanin 20 da 40, ga bash da bandarol. Wadda za a ɗaure sama bisa hanya ko ƙofar filin taro, 20 ta isa: mita 3 bisa mita 1 ya zama pikisal 6000 bisa 2000. Amma wadda za a kafa bayan kujerar ango da amarya, mutane su matso su tsaya jikinta ana ɗaukar hoto, a kai ta 40, wato 12000 bisa 4000, ko abin da ya yi kusa da haka.

Mi ya sa lambar ke raguwa in abu ya ƙara girma? Saboda nisa. Idon ɗan Adam, gwargwadon nisanshi da abu, gwargwadon yadda ƙananan ɗigo ke haɗe mai su zama ɗaya. Abin da ido ke rarrabewa in an riƙe shi a hannu ana karantawa, in an ja baya mita 3 sai ya ninka girma kusan sau 10 kafin a gan shi. Waɗanga manyan allunan talla na bakin titi a Tawa da Yamai, da za ka hau tsani ka matsa kusa, sai ka ga ɗigo manya-manya, alhali daga ƙasa lafiya lau suke. Don haka wanda ya ce maka dole sai DPI 300 ga bandarol mai mita 5 ya wahalar da kai a banza, salularka ma ba za ta ɗauka ba. Wanda kuma ya ce kowane hoto na iya kowane girma, shi ya fi cutar da kai.

Lissafin yana juyawa, kuma nan ne ya fi amfanar mai zane. In an turo maka hoto, shiga bayanan hoton ka duba pikisal nawa ne, ka raba da lambar. Salula mai ɗaukar megapikisal 12 tana ba da hoto 4000 bisa 3000. Raba 4000 gida 120, ka samu santimeta 33: ya isa A4 har da saura. Raba gida 40, ka samu mita guda cif. Kafin ka karɓi ko dala, ka riga ka san iyakar inda hoton zai kai.

Sai dai hoton da ke isowa hannun mai zane da wuya ya zama na asali. WhatsApp, don ya rage cin mega, yana matse hoton da anka tura ta hanyar da munka saba, ya mai da dogon gefenshi wajen pikisal 1600. Tun 2023 sun ƙara maɓallin HD, ya fi dama, amma shi ma yana ɗan matsewa. Facebook ma yana ragewa. Mafi muni shi ne kaptir, wato ɗaukar hoton fuskar salula: yawancin ƙananan salulolin da ke hannun jama'a faɗin fuskarsu pikisal 720 ne, kaptir kuwa ba ta wuce fuskar da anka ɗauke ta. Yanzu ku duba hanyar da hoto ke biyowa. An ɗauke shi a Abijan, an sa a sitati, ƙane ya yi kaptir a Buza, ya tura ma ƙanwa a Tama, ita ta tura ma mai zane. Hoton kuma na mutum shida ne, ana so a yanko fuskar mutum guda a cika rabin bash da ita. Fuskar nan wataƙila ba ta kai pikisal 200 ba. Ƙaƙa za ta yi ta cika santimeta 60?

Maganin ba shi da tsada. A koma wurin wanda ya ɗauki hoton da salularshi, ya turo shi ta wurin da anka rubuta Document cikin WhatsApp. Ta nan hoto na tafiya yadda yake, ba a taɓa shi. In kuna gari ɗaya, a tura ta Xender ko Bluetooth, ko a sa a kile. Shi ma mai zane, in ya gama, ta wannan hanya zai aika ma mai inji.

Akwai wata dabara da ke yawo tsakanin matasa wadda ya kamata a faɗa musu gaskiya a kanta. Wai ka shiga manhaja ka goge 72 ka rubuta 300 wurin DPI, shi ke nan hoto ya zama mai inganci. Wannan kamar ka rubuta "buhu" jikin tiya ne. Lambar DPI umarni ce kawai ga inji kan yadda zai jera ɗigon, adadin pikisal shi ne dukiyar. In kuma manhajar ta ƙara pikisal da kanta, ƙirƙiro su ta yi daga na kusa da su, hoton ya yi nauyi amma bai ƙara fitowa ba.

Wanga batu na ƙirƙira shi ya kawo ni inda abin ya fi damuna. Yanzu akwai manhajojin da ke gyara tsohon hoto, ka ba su fuska dishi-dishi su maido maka da ita tar. A ido abin mamaki ne. Amma manhajar ba ta san mutumin ba. Inda ba ta gani da kyau, cikawa take da abin da ta koya daga fuskokin wasu mutane. Sai ka ga an sake ma tsoho ido, an gyara mai haƙora, an shafe zanen fuskarshi don ta ɗauka datti ne. Mu nan Adar mun san zanen fuska asali ne, da shi ake gane gidan da mutum ya fito. In hoton talla ne, da sauƙi. Amma hoton mahaifi da ya rasu, ko malamin da za a sa a kalandar makaranta, ko dattijon da ya kafa ƙungiya, a rataya wata fuska a ce tashi ce? Jikokin da ba su san shi ba, waccan fuskar za su riƙe. Ni a ganina gara a sa hoton gaskiya ƙarami a gefe, santimeta 20 ko 30, a cika sauran filin da suna da addu'a, da a cika bash da fuskar da inji ya ƙaga. In kuwa tsohon hoto na takarda yana nan cikin akwati, a kai shi a yi mai sikan da DPI 600, ko a ɗauke shi da salula mai kyau, cikin inuwa da rana, a miƙe, ba filashi.

Bayan adadi sai siffa. Zane mai kusurwa huɗu daidai ba ya shiga bash mai mita 3 bisa 1 sai an yi ɗayan biyu: ko a yanke sama da ƙasa, ko a ja shi gefe da gefe. Yawanci ja ake yi, shi ya sa kuke ganin ango siriri ya koma gajere mai faɗin kai, tambarin ƙungiya mai da'ira ya koma ƙwai. Fili mai awon gaskiya tun farko shi ke hana wannan. A kuma bar gefe: ga kati da afish a ƙara milimita 3 kowane ɓangare saboda yanka, ga bash a janye rubutu da fuska kamar santimeta 5 daga baki, don nan ake naɗewa a huda ramukan igiya. Sau nawa munka ga lambar waya da ƙarfen rami ya cinye mata lamba guda?

Na san abin da wasu ƙannena masu zane za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce: yaya, salularmu ba ta ɗaukar fili mai 12000, manhaja na rufewa, rezo kuma a ƙauye sai an hau tudu, fayil mai nauyi na cinye mega. Gaskiya ne. Amma akwai mafita. Rubutu da siffofi irin su layi da da'ira, in an fitar da aiki a PDF daga manhaja irin Canva, ba pikisal ba ne, lissafi ne, ana iya buɗa su ko mita nawa bakinsu na nan kaifi. Sai ka zana bisa kashi ɗaya cikin 10, santimeta 30 bisa 10 a madadin mita 3 bisa 1, ka sa hotuna na asali, ka fitar da PDF na bugu, ka gaya ma mai inji ya ninka sau 10. Ka dai tuna hoton da ke ciki shi ma za a ninka shi, don haka lissafinshi da awon ƙarshe za ka yi. PDF yana da wani amfani: mai inji ba ya buƙatar sake rubuta komi, balle ƙ da ɗ da ɓ su koma akwati, ko haruffan Larabci su rarrabu a bandarol ɗin walima. Kuɗin mega kuwa a sa shi cikin kuɗin aiki, a faɗa ma mai buki tun farko. Ko nawa ne, bai kai kuɗin sake buga bash da kuɗin mota ba.

Wasu kuma za su ce mutanenmu ba su lura da irin wannan, in dai akwai kala da suna shi ke nan. Wagga magana raini ce. Matar da ke gane zanen atamfa na gaske daga na jabu tun daga nesa, ita ce ba za ta gane fuskar ɗanta ta narke ba? Suna gani, kawaici ne ke hana su magana. Abin da suke yi shi ne, buki na gaba sai su kai aikin birni gaba ɗaya, zane da bugu, yaron garinmu ya rasa ciniki bai san dalili ba.

Masu injin bugu, ku ma da naku. Kuna buɗe fayil a kwamfuta, kuna ganin pikisal nawa ne kafin inji ya motsa. Wanda ya ga 1080 za a baza bisa mita 3 ya yi shiru ya danna, don dai mita yake sayarwa, bai kyauta ba, ko da ba shi ya zana ba. Kira guda ya isa: wanga fayil ba zai yi ba, a sake turowa. Kuma ga babban aiki, ku yanko wurin fuska ku buga ɗan yanki a girmanshi na gaskiya, ku ɗauki hotonshi ku tura ma mai aiki ya gani. Nan ne kuma zai ga kala, don fuskar salula haske take haɗawa, inji kuwa tawada huɗu yake haɗawa, shi ya sa tsanwa da ruwan goro masu walƙiya a salula sukan fito a ɗan dushe bisa bash. Wanda ya gani ya yarda tun farko ba ya zuwa da rigima daga baya.

Ku kuma masu buki, iyayena da yayyena, ku taimaki yaran nan. Kalmar "babba" ba awo ba ce. A ɗauki mita a auna bangon ko rumfar da za a rataya abin. A nemo hoton asali tun da sauran kwanaki, kada a bari sai saura kwana biyu. In yaro ya ce muku hoton ga ba zai kai girman da kuke so ba, kada ku ce ya cika iyayi ku tafi wurin wanda zai ce to. Wanda ya faɗa muku haka shi ya san aikinshi.

Ƙannena masu zane, sana'ar ga tana da gaba. Ƙungiyoyi, makarantu, masu shaguna, masu sayar da irin albasa da taki, duk suna buƙatarku, kuma sun fi son na gida da za su iya samu a fada in wani abu ya taso. Ku rubuta lambobin nan uku, 120 da 60 da 20 zuwa 40, ku ajiye cikin salula. Kada ku buɗe fili sai kun ji awo. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, tukunya in ta bushe ba ta karɓar ado.

Wanda ya san mai wannan sana'a a unguwarsu, ya isar mai da saƙon. Masu injin bugu da ke bibiyarmu kuma, in akwai awon da kuka fi so a turo muku da shi, ku faɗa a nan kowa ya ƙaru. Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya bar zumunci. Sai mun sake haɗuwa.